Mayafin Jingina a Gindin Bagade: Nazari a kan Littafin Amos

A shekarar 1960, wani masanin tsofaffin rubuce-rubuce mai suna Joseph Naveh yana haƙa a kufan wani ƙaramin sansanin soja da ke gaɓar Bahar Rum, kudu da garin Yafa, sai ya ci karo da tsingaron tulu mai ɗauke da layi 14 na rubutun Ibrananci da tawada. Masana sun ƙiyasta an rubuta shi wajen shekara ta 630 kafin haihuwar Almasihu. Koke ne na wani ɗan ƙwadago mai girbi zuwa ga shugaban sansanin. Ya ce ya gama aikin da aka yanka masa, ya auna, ya adana, amma wani mai kula da ma'aikata ya zo ya ƙwace masa mayafi ya ƙi mayarwa, kuma abokan girbinsa da suka sha rana tare a shirye suke su shaide shi. Ƙarar tun daga farkonta har ƙarshenta a kan mayafi ɗaya take.

Wanda yake da akwati cike da tufafi zai yi mamakin wannan hayaniya. Amma ga talakan wancan zamani mayafi shi ne rigarsa da rana, shi ne bargonsa da dare, kuma sau da yawa shi kaɗai ne abin da zai iya bayarwa jingina idan yunwa ta tura shi neman rance. Shi ya sa dokar da ke cikin Littafin Fitowa, sura ta 22, ta wajabta wa mai ba da bashi ya mayar wa matalauci mayafinsa kafin faɗuwar rana, ta kuma kafa hujja da cewa ba shi da wani abin rufa, kuma idan ya kai kuka Allah zai ji. Da wannan doka a zuciya ya kamata a karanta aya ta 8 ta sura ta 2 ta Littafin Amos, inda annabin ya zana hoton manyan Isra'ila suna shimfiɗa mayafan da suka karɓa jingina a gindin bagade, wato dandamalin da ake miƙa hadaya a kai, suna kishingiɗa a kansu, suna shan ruwan inabin da aka saya da kuɗin tarar da aka ci talakawa, duk a cikin ɗakin ibada.

An saba gabatar da Amos a matsayin mai auna abu biyu a ma'auni: ibada marar kan gado a hannu ɗaya, adalci ga jama'a a ɗaya hannun, sannan ya ce na biyun ya fi nauyi. Wannan karatu bai yi kuskure ba, amma ya yi sassauci, kuma ya rage wa littafin kaifinsa. A ganina, ƙarar da Amos ya shigar ta fi haka muni. Ibadar da ya gani a Betel ba fanko ba ce, cike take maƙil, sai dai da kayan wasu aka cika ta. Shimfiɗar mai ibada mayafin maƙwabcinsa ce, abin shansa gumin wanda aka zalunta a wurin shari'a ne. Ke nan babu wata tazara tsakanin haikali da kasuwa da za a ce mutum ya gyara can ya ɓata nan. Abin da aka ƙwato a kasuwa shi ake kawowa haikali, haikalin kuma ya wanke shi ya mayar wa mai shi da sunan albarka. Wannan ra'ayi ne ya tsara zubin littafin, shi ya zaɓa masa salo, kuma a kansa ne ƙarfinsa da rauninsa suka rataya.

Littafin ƙarami ne, sura 9, aya 146, kuma galibin masana sun ɗauke shi a matsayin mafi daɗewa cikin littattafan annabawan da aka tattara maganganunsu da sunansu. Ya gabatar da Amos a matsayin makiyayi kuma mai kula da itatuwan ɓaure daga Tekowa, wani ƙauye a bakin jejin Yahuza, kimanin kilomita 16 kudu da Urushalima. Mutumin kudu ne ya ƙetare iyaka ya je ya yi wa masarautar arewa wa'azi, a zamanin Sarki Yerobowam na Biyu, wanda Littafin Sarakuna ya ce ya shekara 41 a gadon sarauta ya kuma faɗaɗa iyakokin ƙasa. Ayar farko ta ƙayyade lokacin da shekara biyu kafin wata girgizar ƙasa, wadda Yigael Yadin da abokan aikinsa suka ga alamun ɓarnarta a kufan Hazor, aka kuma ƙiyasta ta wajen shekara ta 760. Zamani ne na lumana da ciniki. Haƙar da aka yi a Samariya, babban birnin ƙasar, tsakanin 1931 da 1935 ta fito da ɗaruruwan gutsattsarin hauren giwa da aka sassaƙa don ƙawata gadaje da kujeru. Kafin nan, a 1910, an tono tsingaraye masu yawa da aka rubuta lissafin tulunan tsohon ruwan inabi da tataccen mai da ake aikowa daga ƙauyuka zuwa fada. Don haka in Amos ya yi zancen masu kwanciya a gadajen hauren giwa, masu shan inabi da kwanoni, masu shafe jiki da mai mafi tsada, ba ƙarin gishiri ya yi ba. Ƙasa ta ajiye shaidarsa.

Mutanen da ke cikin irin wannan yalwa ba sa sauraron mai tsawatarwa da daɗin rai, balle baƙo mai warin tumaki. Dabarar da littafin ya buɗe da ita amsa ce ga wannan matsala, kuma tana cikin mafi gwaninta a adabin Ibrananci. Amos ya fara da maƙwabta: Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab. Kowace ya kira ta da amshi iri ɗaya na ƙidayar laifi uku har huɗu, ya faɗi laifinta, ya yanke mata hukuncin wuta. Laifuffukan kuwa na yaƙi ne masu tayar da tsigar jiki: sussuke mutanen Gileyad da ƙarfe kamar hatsi a masussuka, kwashe al'umma ɗungum a sayar bayi, farke cikin mata masu juna biyu don a faɗaɗa iyaka, ƙone ƙasusuwan sarkin da ya mutu har su zama toka. Mai sauraro a Betel zai riƙa gyaɗa kai, domin babu abin da ya fi daɗin ji kamar zunubin maƙiyi. Da aka zo kan ta bakwai, wato Yahuza, ƙasar mai wa'azin kansa, sai kowa ya ɗauka an kai ƙarshe, tunda bakwai cikon lissafi ce a al'adarsu. Sai ga ta takwas, da amshin nan dai, kuma sunan Isra'ila ne a ciki. Wanda ya yarda da hukunci bakwai na farko ba shi da bakin musa na takwas, don da kansa ya sa hannu a kan ma'aunin.

Masana irin su Hans Walter Wolff sun yi hasashen cewa sassan Taya da Edom da Yahuza ƙari ne na marubutan baya, yayin da Shalom Paul ya kare akasarin jerin a matsayin aikin hannu ɗaya. Ko wane ɓangare aka bi, tarkon yana nan daram. Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin laifin da aka jera wa Isra'ila. Babu takobi a ciki, babu jini. An sayar da mai gaskiya saboda azurfa, an sayar da matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba, an tattake kan marasa ƙarfi, an karkatar da shari'arsu, uba da ɗa suna neman yarinya ɗaya. Duk abubuwa ne da ake yi da rana tsaka, a lokacin zaman lafiya, mafi yawansu ma da takardar shaida da amincewar alƙali. Amos ya ɗauki cin bashi da ƙwace jingina ya aza su a layi ɗaya da farke cikin mata, kuma bai nemi afuwa a kan kwatancin ba. Sannan ya rufe jerin da hoton mayafi a gindin bagade, domin a nan ne zaluncin ya sami wurin hutawa.

Akwai wani shiru a littafin da ke ƙarfafa wannan karatu. Betel wuri ne da Yerobowam na Farko ya kafa gunkin ɗan maraƙi na zinariya, kamar yadda Littafin Sarakuna ya ba da labari, kuma Yusha'u, wanda ya yi annabci a wannan ƙasa jim kaɗan bayan Amos, ya yi ta caccakar maraƙin da bautar Ba'al. Amos mutumin Yahuza ne, yana da kowane dalili na ya kama wannan makami. Amma ko sau ɗaya bai ambaci maraƙin Betel ba, bai kuma kira sunan Ba'al ba. In ban da ayoyi ƙalilan masu wuyar fassara a sura ta 5 da ta 8, bai zargi jama'ar da bin wani abin bauta dabam ba. Ya bar su a matsayin masu bauta wa Ubangiji na gaskiya, da sunansa na gaskiya, a ranakun da aka ƙayyade. Da ya ce musu matsalarsu gunki ce, da sun sami mafita mai sauƙi: a rushe gunki, a ci gaba da riƙe mayafi.

Ba su kuma kasance masu sakaci ba. A sura ta 4 Amos ya ari muryar firist mai kiran jama'a zuwa ibada, ya yi musu gatse irin wanda uwa kan yi wa ɗan da ya ƙi ji: su zo Betel su yi zunubi, su wuce Gilgal su ƙara, su kawo hadaya kowace safiya, su fitar da ushiri a kai a kai fiye da yadda doka ta nema, su yi shelar baikonsu na ganin dama kowa ya ji, tunda abin da ransu ke so ke nan. Gatsen ya yi aiki ne domin himmarsu gaskiya ce. Haka ma 'yan kasuwar sura ta 8. Mai karatu da gaggawa zai ɗauka marasa addini ne, alhali rumfunansu a rufe suke ranar Asabar da ranar tsayuwar wata. Suna kiyaye doka. Abin da Amos ya yi shi ne ya leƙa zuciyarsu a tsakiyar hutun, ya jiyo su suna ƙosawa rana ta faɗi su buɗe buhuna, su tauye mudu, su ƙara nauyin dutsen awo, su haɗa da share-sharen alkama su sayar. A lokacin ba a fara buga tsabar kuɗi ba, azurfa ake aunawa a sikeli, saboda haka mai saye yana cutuwa sau biyu a ciniki ɗaya: hatsin da ya karɓa ya gaza, azurfar da ya biya ta zarce. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwa ya koma gida ya sake aunawa ya san wannan algus, ba ya bukatar sharhi.

Daga nan ne za a fahimci ayoyi huɗun da suka fi shahara, wato 21 zuwa 24 na sura ta 5. An gina su a kan rufe ƙofofin ji ɗaya bayan ɗaya. A asalin Ibrananci, kalmar da aka yi amfani da ita wajen ƙin tarurrukansu tana nufin shaƙar ƙanshi, don haka hanci ne ya fara toshewa ga hayaƙin hadaya. Sai ido ya kau da kai daga kiɓaɓɓun dabbobin da aka yanka. Sai kunne ya ƙi waƙoƙi da amon garaya, har ya kira su surutu. Kowane abu kuma an jingina shi ga masu yinsa: idinku, hadayunku, waƙoƙinku, kamar mai cewa babu nawa a ciki. Yana da kyau a lura cewa a jerin hadayun da littafin ya ambata, a nan da kuma sura ta 4, akwai ta ƙonawa, da ta gari, da ta salama, da ta godiya, amma babu ta neman gafarar zunubi. Jama'a ce mai yawan godiya wadda ba ta ga abin da za ta tuba a kai ba.

Bayan an rufe hanci da ido da kunne, sai aya ta 24 ta buɗe da ruwa. An nemi shari'ar gaskiya ta gangaro kamar ambaliya, adalci kuma ya zama kamar rafin da ba ya ƙafewa. Ƙarfin kamancen yana ga yanayin ƙasar. A can ruwan sama na sauka ne a watannin sanyi, yawancin ƙoramu su cika su tumbatsa na ɗan lokaci, sannan su koma yashi da duwatsu tsawon rani. Makiyayi ya san bambancin ƙoramar da ke ruɗin garke da rafin da za a dogara da shi, domin ran dabbobinsa a kan wannan sani yake. Idi kuwa da lokacinsa yake zuwa, kamar ƙoramar damina. Abin da Amos ya nema shi ne wanda za a tarar ranar da babu idi, ranar da gwauruwa ta kawo ƙara.

Kalmomi biyun da aka yi amfani da su sun cancanci a dakata a kansu. Ta farko, mishfat, hukunci ne na zahiri da dattawa ke yankewa a ƙofar gari, inda ake zaman shari'a. Shi ya sa a cikin surar nan Amos ya yi ta komawa ƙofar gari: a can ake ƙin mai faɗin gaskiya, a can ake karɓar toshiyar baki, a can ake ture matalauci, kuma a can ya ce a tsayar da gaskiya. Ta biyu, tsedaƙa, ta fito daga saiwa ɗaya da kalmar Larabcin da ta ba Hausa kalmar sadaka. Wannan dangantaka tana iya ruɗar da mai karatu Bahaushe, domin a bakinmu sadaka kyauta ce da mai hali ke bayarwa don neman lada, kuma ana gode masa. A bakin Amos kalmar tana nufin a ba kowa abin da yake nasa. Bai taɓa roƙon attajiran Samariya su tausaya wa talaka su ba shi wani abu ba. Mai girbin da aka ƙwace wa mayafi ba sabon mayafi yake bara ba, nasa yake nema.

A nan masu sharhi suka rabu. Malaman Jamus na ƙarni na 19, Julius Wellhausen a gabansu, sun ga Amos a matsayin wanda ya ɗaga addini daga yanka da ƙona turare zuwa kyawun hali, har wasu daga cikin mabiyansu suka ce ya soke hadaya gaba ɗaya. Suna da abin kamawa, domin aya ta 25 ta yi tambayar da ke nuna kamar a shekara 40 na jeji ba hadaya ce ta riƙe dangantakar Isra'ila da Ubangiji ba. Amma ban gamsu da wannan fassara ba, saboda dalili biyu. Na farko, Ishaya, a surarsa ta farko, ya yi irin wannan magana ya haɗa har da addu'a, ya ce ba za a saurari hannuwan da aka ɗaga ba domin jini ne a jikinsu, kuma babu mai cewa Ishaya ya haramta addu'a. Amos ma ya ƙi waƙa, alhali littafinsa na ɗauke da gutsattsarin waƙoƙin yabo guda uku. Abin da aka ƙi shi ne hannun da ya miƙo, da inda ya samo abin da ya miƙo. Na biyu, fassarar tana da daɗi fiye da kima ga mai karatun da tun asali ba ya zuwa wurin ibada. Tana ba shi damar zama a gefe yana nuna masu ibada da yatsa, wato ya koma daidai matsayin mutumin Betel da ke gyaɗa kai a kan zunubin Dimashƙu. Littafin da ya buɗe da tarko bai kamata a karanta shi ta hanyar da mai karatu zai fita ba tare da igiya ta taɓa ƙafarsa ba.

Wuri ɗaya tak littafin ya bar waƙa ya koma labari, a sura ta 7, kuma a nan aka ga dalilin da ya sa haikalin ba zai iya gyara kansa ba. Amaziya, firist na Betel, ya aika wa sarki rahoto cewa Amos na ƙulla makirci, ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganganunsa ba. Da ya naƙalto wa'azin, sai ya jingina shi ga Amos, ya cire sunan wanda Amos ya ce ya aiko shi. Sannan ya juyo ya ba shi shawara kamar ta abokin sana'a: ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, domin Betel wurin ibadar sarki ne, haikalin masarauta. Marubucin bai yi sharhi ko kaɗan ba, kuma bai bukata. Sunan Betel na nufin gidan Allah, ga shi babban firist ɗinsa ya faɗi mai gidan da bakinsa, kuma a duk maganarsa bai ambaci Allah ba. Amaziya ba a nuna shi mugu ba. Ma'aikaci ne mai kare wurin aikinsa, wanda ya ɗauka kowa ma don tuwo yake magana. Amsar Amos, cewa shi ba ɗan ƙungiyar annabawa ba ne, yana da garkensa da itatuwansa, amsa ce ga wannan zato.

Sai dai adalci ga littafin ya haɗa da faɗin inda ya yi tuntuɓe. Hukuncin da Amos ya yanke wa Amaziya ya faɗa kan matarsa, wadda aka ce za ta zama karuwa a birni, da 'ya'yansa da za su mutu da takobi, alhali labarin bai nuna sun yi komai ba. A sura ta 4 ya kira matan attajiran Samariya shanun Bashan, ya zana su suna umartar mazajensu su kawo abin sha. Zambon ya zauna, amma ya ɗora wa matan kaso mai nauyi na laifin da a ƙofar gari aka aikata shi, inda maza ke zama.

Matsala mafi girma ita ce ta hukuncin kansa. Ƙasa da shekara 40 bayan wa'azin, a 722, Samariya ta faɗi a hannun Assuriya, kuma rubutun Sarki Sargon na Biyu ya yi alfaharin kwashe mutum 27,290. Masu tattara littafin sun ga wannan a matsayin tabbacin annabcin, kuma wataƙila shi ya sa aka adana shi. To amma rundunar Assuriya ba ta tambayi wane ne ya karɓi jingina, wane ne ya bayar ba. Gonar da aka tattake ta talaka ce, ƙauyen da aka ƙone nasa ne. An gudu ba a tsira ba, kamar mutumin da Amos kansa ya kwatanta, wanda ya kuɓuce wa zaki ya haɗu da beyar, ya shiga ɗaki ya dafa bango maciji ya sare shi. Littafin bai warware wannan ƙulli ba. Har hotonsa na tsira ma baƙi ne: makiyayi ya ƙwato ƙafa biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. A dokar Fitowa, makiyayin haya yakan kawo irin wannan saura ne don ya tabbatar wa mai dabba cewa ta mutu, ba sayar da ita ya yi ba. Ayoyi biyar na ƙarshe, masu alkawarin sake gina rusasshiyar bukkar Dawuda da tuddai masu zubo da ruwan inabi, sun zo da murya dabam ƙwarai, har Wellhausen da masana da yawa bayansa suka ɗauke su ƙarin wani zamani. Ko na wane ne, akwai abu ɗaya a cikinsu da ya dace da sauran littafin: alkawarin cewa wanda ya dasa shi zai sha, wanda ya gina shi zai zauna.

Tarihin karatun littafin ma yana da nasa gatsen. Sabon Alkawari ya naƙalto Amos kai tsaye sau biyu, duka a Ayyukan Manzanni, sura ta 7 da ta 15, kuma babu ayar ruwa a ciki, ko da yake ruhinta na nan a umarnin da ke Matiyu sura ta 5, cewa mai kawo baiko ya bar shi a gaban bagade ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Shaharar ayar a zamaninmu ta zo ne musamman ta bakin Martin Luther King, wanda ya kawo ta a jawabinsa na birnin Washington ranar 28 ga Agusta, 1963. Amma wata huɗu kafin nan ya riga ya sa ta a wasiƙar da ya rubuto daga kurkukun Birmingham, kuma waɗanda ya rubuta wa malaman addini ne su takwas, fararen fata, masu ba shi shawarar ya yi haƙuri ya bar tayar da hankalin gari. A can ayar ta koma gidanta, gaban Amaziya. A 1989 aka sassaƙa ta a bangon dutse na tunawa da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Montgomery, ruwa na kwarara a kanta. Aiki ne mai kyau, sai dai ayar a tsaye take ita kaɗai, ba tare da ayoyi ukun da suka gabace ta ba, kuma in aka raba ta da su takan zama magana mai daɗi da kowa zai iya cewa amin a kanta, har da mai kishingiɗe a kan mayafin wani.

Abu na ƙarshe da na lura da shi ya daɗe yana damuna. A cikin aya 146, attajirai sun yi magana, matansu sun yi, 'yan kasuwa sun yi, firist ya yi, Ubangiji ya yi, annabi ya yi har ya roƙa wa ƙasa gafara sau biyu. Matalauci bai buɗe baki ko sau ɗaya ba. Ana sayar da shi, ana tattake shi, ana kare shi, amma kullum wani ne ke magana a kansa. Muryarsa sai a wajen littafin aka same ta, fiye da shekara 100 bayan Amos, a wata ƙasa ta kudu, a kan fasasshen tulu, da jimloli masu maimaita kansu irin na wanda ke faɗa wa magatakarda damuwarsa yana haki. Naveh ya tsinci tsingaron ne a wani ɗaki da ke jikin ƙofar sansanin, wurin da ake kai ƙara.